Walimar godiya ga abokan ciniki: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Na daɗe ina riƙe wa 'yan kasuwa lissafi a kasuwannin Kantin Kwari da Singa da ke Kano, kuma duk shekara da zarar hada-hadar Sallah ta lafa sai a dame ni da tambayoyi iri ɗaya game da shirya walima domin gode wa abokan ciniki. Na tattara su a nan tare da amsoshinsu. Duk wanda ya sake kira na a kansu, wannan rubutun zan tura masa.

Wajibi ne in yi walimar?

A'a. Ana ciniki a Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma da gyara da goron Sallah da saukar baƙo a gidan fatoma aka riƙe abokan ciniki, ba da kafa rumfar walima ba. Idan kana da hali ka yi, idan ba ka da shi ka ƙara wa mutane gyara ka huta.

Zan iya yin hidimar da kuɗin zakkata, tun da ciyar da jama'a zan yi?

Ba za ka iya ba, kuma ina mamakin yadda har yanzu ake yi mini wannan tambaya. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake bai wa zakka, kuma attajirin da ke sarin dila goma a wurinka ba ya cikinsu. Ka fitar da ɗaya bisa arba'in ɗinka ka miƙa wa masu haƙƙi, sannan ka dubi abin da ya rage. Walimar nan hidimar kasuwanci ce, kai ne za ka ci gajiyarta, saboda haka kada ka yi mata rigar ibada.

Nawa ya kamata in kashe?

Abin da za ka iya cirewa daga riba ba tare da ka taɓa uwar kuɗi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin janareto da na ɗauko kujeru da na gas ɗin girki suka tashi, don haka kada ka yi lissafi da abin da maƙwabcinka ya kashe shekarun baya. Wanda ya ci bashi domin ya yi walimar godiya, ni ban ga abin da zan ce masa ba.

Yaushe ne lokacin da ya dace?

Ban da goman ƙarshe na azumi, lokacin da ko wurin sa ƙafa babu a Kwari, kuma babu ɗan kasuwar da zai bar shagonsa ya zo cin shinkafarka. Shan ruwa a goman farko yana da kyau, haka nan makonnin da ke bin Babbar Sallah idan kasuwa ta yi sanyi. Ka guji rana tsaka a watan Afrilu saboda zafi, ka kuma guji fili marar rufi a watan Agusta saboda ruwa. Idan ka zaɓi Asabar ɗin ƙarshen wata, ka tuna ana tsaftar muhalli da safe, masu kawo rumfa da kujeru ba za su samu fitowa da wuri ba. In ba shan ruwa ba ne, bayan la'asar ake farawa, a tashi kafin magariba, kuma idan ka rubuta ƙarfe huɗu ka kasance a bakin ƙofa da kanka ƙarfe huɗu.

Wanda nake bi bashi fa, in gayyace shi ko in bar shi?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa guda da za ta dace da kowa, domin masu bashi ba iri ɗaya ba ne. Duk wanda ya taɓa buɗe littafin shagon sari a Kano ya san cewa ciniki mai yawa a kan bashi yake tafiya: mutum ya ɗauki kaya, ya kai Maraɗi ko Damagaram ko Maiduguri, ya sayar, ya dawo ya biya na baya ya ɗauki sabo. Irin wannan kullum sunansa yana cikin littafi, amma shi ne ginshiƙin shagonka. Idan ka ce ba za ka gayyaci mai bashi ba, to ka cire mutanen da aka shirya walimar dominsu, sai ka zauna da masu sayen yadi biyar. A nan babu wata shakka, ka gayyace shi, ka ba shi kujerar gaba.

Inda abin yake da wuya shi ne mutumin da bashinsa ya kwanta. A nan ma sai ka duba dalili. Akwai wanda gobara ta cinye masa shago, akwai wanda ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya karya, akwai kuma baƙinmu na Nijar da kayansu da kuɗinsu suka maƙale lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Wasu daga cikinsu har yau ba su gama miƙewa ba. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma a ganina gayyatar irin wannan mutum tana daga cikin saurarawar. Sau da yawa kunya ce take hana shi bi ta layinku, har ya riƙa zagayawa ta wata ƙofar kasuwa don kada ku haɗu. Gayyatar tana nuna masa cewa ƙofa a buɗe take. Sai dai kuma ban ce lallai zai zo ba, kuma idan bai zo ba kada ka ɗauka raini ne; mai yiwuwa yana tsoron ya zauna cikin mutanen da suka san halin da yake ciki. Saboda haka na fi son ka kira shi da bakinka, ba ka aika yaro da kati ba, ka ce masa, "Alhaji, zumunci ne kawai, babu maganar lissafi a ranar." Idan ka faɗi haka kuwa, sai ka cika.

Na ce ka cika ne saboda abin da na gani da idona a wata walima a cikin gari. Wani baƙo dattijo yana zaune a kan darduma, an ajiye masa waina da miyar taushe, ya kai loma biyu ke nan, sai ga yaron shago da littafi a hammata, ya durƙusa kusa da shi yana yi masa raɗa, yana nuna masa wani shafi da yatsa. Dattijon bai ce uffan ba. Ya jawo buta ya wanke hannu, ya sa takalmansa, ya yi wa na kusa da shi sallama ya fita. Kafin mako ya zagayo kuɗin sun shigo asusu cif, ko kobo bai rage ba, kuma daga ranar bai sake sayen ko ƙyalle a shagon ba. Maigidan ya rantse mini cewa ba shi ya aiki yaron ba, kuma na yarda da shi, amma ya kamata tun da safe ya kulle littafin a durowa ya gargaɗi yaransa.

Saura wanda yake da kuɗin amma ya ƙi biya, har ana ganinsa yana sayen kaya kuɗi hannu a shagon da ke kallon naka. Zuciyata ta fi karkata ga a bar shi, domin idan masu biya a kan lokaci suka ga an ba shi turmin atamfa daidai da nasu, ka koya musu cewa biya da rashin biya duk ɗaya ne. Amma ko a nan ba zan yanke hukunci kai tsaye ba. Idan surukinka ne, ko ɗan maigidan da ya ba ka jari tun farko, ko kuma cire sunansa zai zama abin magana a layi har ya rufe ƙofar sulhu, wataƙila gara ka gayyace shi ya ci abinci, kyautar kuwa ka keɓe ta ga waɗanda ka ga dama, a kai musu gida daga baya. Wasu suna tambaya ko za su iya yafe wa mutum wani ɓangare na bashinsa a madadin kyauta. Za ka iya, kuma alheri ne babba, amma a ɗaki daga kai sai shi. Ranar da aka faɗi haka a lasifika, tonon asiri aka yi masa.

Zan iya haɗa maza da mata wuri ɗaya, a sa kiɗa?

Kano kake. Hukumar Hisba, wadda doka ta kafa a 2003, tana sa ido a kan irin waɗannan tarurruka, kuma ko ba don ita ba, yawancin dattawan da kake son karramawa ba za su zauna ba. A raba rumfa, a sa mace ta kula da ɓangaren mata. Hajiya, idan ke ce mai shagon kuma abokan cinikinki mata ne, ki yi abinki a gida ko a ɗakin taro, hankalinki kwance.

Akwai ma'aikacin da ke sayo wa wata ma'aikata kaya a wurina, zan iya yi masa kyauta ta musamman?

Ya ci abinci kamar kowa, ya karɓi kalanda kamar kowa. Ambulan a asirce kuwa sunanta rashawa, ko da ka kira ta ihsani. Ka tuna da mutumin da Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, aka ce masa me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Kuɗin da ma'aikacin nan yake kashewa a shagonka ba nasa ba ne.

Wane abinci zan yi?

Wanda mutane suka saba da shi: shinkafa da miya ko dafa-duka, waina, gurasa da tsire, zoɓo da kunun aya masu sanyi. Kada ka wahalar da kanka da abincin da sai an koya wa baƙo yadda ake cinsa. Ka dafa fiye da yawan katunan da ka raba, domin 'yan gayyar soɗi ba sa fashi, kuma korar mutum daga bakin rumfa ta fi kuɗin kwano ɗaya tsada. Idan za ka tare layi, ka sanar da mai unguwa da maƙwabta tun da wuri.

Yaran shago da 'yan dako suna cikin lissafi?

Abin takaici ne a ce sai an tambaya. Wanda ya ɗauki dila a ka daga shagonka zuwa tasha, da dillalin da ya jawo maka baƙon tun farko, da yaron da ya yini yana aunawa yana yankawa, da su aka samu ribar da kake murna da ita. A ware nasu kafin a fara rabo, kada a bar su da ƙanzo da wanke-wanke.

Zan iya ɗaukar bidiyo in sa a Facebook da TikTok?

Ka nemi izinin duk wanda fuskarsa za ta fito, musamman mata. Akwai 'yan kasuwa da yawa da ba sa son abokan hamayyarsu su san inda suke sari, kuma kai ka san haka tun da kai ma ba ka faɗin inda kake sayowa.

Saƙon WhatsApp ya isa gayyata?

Ga matasa ya isa. Dattijo kuwa ka taka da ƙafarka har shagonsa.