Mene ne inamel, kuma yaya ake gasa shi da shalimo a gida?

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya a Maradi ya ga jeren langa da samira masu furanni, ya riga ya san inamel ko da bai san sunansa ba. Ƙyallin nan da ke jikin kwanon, wanda idan ya faɗi ƙasa sai ya ɓantare baƙin ƙarfe ya bayyana, gilashi ne aka narka a kan ƙarfe. Da Faransanci ana ce masa émail. Kwanan nan kalmar ta yawaita a bidiyoyin masu ƙera ɗan kunne da abin wuya a gida, kuma da yawa suna ɗauka wani irin fenti ne.

Inamel garin gilashi ne mai launi. Ana barbaɗa shi a kan ƙarfe, a yi masa zafi tsakanin digiri 750 zuwa 850, ya narke ya kama jikin ƙarfen. Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. Garin Limoj na Faransa ya yi suna da ita tun ƙarni na 12. A ka'ida cikin tanda ta musamman ake gasawa, mai tsada, mai cin lantarki. Shi ya sa hanyar shalimo, wato abin hura wutar gaz na hannu, ta fi dacewa da mu: harshen wutar gaz irin na maƙeran fari ya isa ya gasa ƙaramin abu kamar ɗan kunne cikin 'yan mintoci, ko da an ɗauke wuta.

Mai koyo da jan ƙarfe yake farawa, falle mai kaurin kusan milimita 1. Yana da sauƙin kuɗi, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1085, saboda haka akwai rata. Azurfa tsantsa ta fi fito da launi, amma kuskure a kanta da tsada. Ƙarfen nan mai ruwan ɗorawa da ake haɗawa da tutiya kuwa, a bar shi: gilashin ba ya zama a jikinsa lafiya. Yanka, huda da lanƙwasa duk a gama su tun farko, domin bayan gashi ba a sake murɗa komai. Sai a wanke ƙarfen da lemun tsami da gishiri har ruwa ya riƙa shimfiɗuwa a kansa bai dunƙule ba. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa garin ya guji wani wuri.

Wurin gashin ne ido ke aiki. Ana tankaɗa garin da 'yar rariya, a ɗora abin a kan ragar ƙarfe ko matokari mai ƙafa uku, a kunna shalimo daga ƙasa, nesa-nesa, ana matsowa sannu. Daga ƙasa, na ce. Idan harshen wutar ya taɓa garin kai tsaye yakan dishe launin, ko ya hure shi. Da farko garin zai yi duhu ya koma tsaki-tsaki, masu sana'ar suna kiran wannan matakin sukari. Sannan ya haɗe amma da gargada, su ce ɓawon lemu. Daga nan sai ya kwanta sumul yana sheƙi, ƙarfen ya yi ja, a janye wuta nan take. Wanda ya ƙara daƙiƙu don ya tabbatar, gefen zai ƙone ya yi baƙi. Ja da ruwan lemu su ne suka fi saurin lalacewa, shuɗi ya fi haƙuri. Kuma kada ganin launin ya rikiɗe lokacin da abin ke da zafi ya tayar da hankali, yana dawowa idan ya huce. A bar shi ya huce da kansa. Tsoma shi a ruwa fasa shi ne.

Abin da masu koyo suka fi rainawa shi ne rufe bayan. Ƙarfe da gilashi ba sa tsukewa daidai wajen hucewa, don haka idan fuska ɗaya kawai aka lulluɓe, abin yakan kantare ko ya tsage bayan kwanaki. Sai a gasa wa bayan nasa garin. Wannan bambancin tsukewar ne kuma ya sa daka kwalbar lemu ba ya maye gurbin garin da aka haɗa don jan ƙarfe.

Gari ne na gilashi, huhu ba ya son sa: a sa takunkumi mai kyau, a yi aiki inda iska ke shiga, nesa da yara da kwanon abinci. A nemi wanda aka rubuta babu dalma a ciki. Lokacin hunturu kuma a rufe kwalaben, ƙurar da ta sauka a kan gari tana fitowa ɗigo-ɗigo bayan gashi.

Samun garin ne wahalar, galibi sai an yi oda daga waje. A nan ake yin kitso da kwarkwata, domin akwai abin da ake tallatawa da sunan inamel mai sanyi, wanda roba ce mai daskarewa ba tare da wuta ba. Tana da nata kyan, amma allura tana karce ta, kuma idan aka kai mata shalimo hayaƙi za ta yi ta ƙone.