Daga Fam Zuwa Naira: Tambayoyi Kan Kuɗin Najeriya

Yaushe aka fara kashe naira?

Ranar 1 ga Janairun 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon. Kafin nan fam da sule ake kashewa. Da aka yi canji, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya zama kwabo goma, sisi kwabo biyar. Shi ya sa har yanzu za ka ji dattijo a kasuwar shanu yana ciniki da "jaka", yana nufin naira 200, wato fam ɗari na da. Wanda kuwa ya ce ba shi da ko anini, kuɗin da jikokinsa ba su taɓa gani ba yake ambato.

Su wa ke jikin takardun?

Tafawa Ɓalewa na kan naira 5, Alvan Ikoku na kan 10. Ta 20, wadda ta fito a 1977, hoton Murtala Muhammad take ɗauke da shi, har sunansa ya bi ta: "ba ni Murtala ɗaya". Juya bayan wadda ake kashewa yanzu ka ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Awolowo na kan 100, Sardauna na kan 200, Azikiwe na kan 500. Ta 1,000 ta zo a 2005 da gwamnonin Babban Banki biyu, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong.

Rubutun da ke jiki Larabci ne?

A'a, Hausa ce da ajami, adadin kuɗin kawai take faɗa, kamar "naira dubu". An cire shi daga ƙananan takardu a 2007, amma yana nan a kan 200 da 500 da 1,000.

To, ina silalla suka shiga?

A doka suna nan da ransu. A 2007 Babban Banki ya fitar da kwabo 50 da naira 1 da naira 2. Amma kai wa mai shago ka ga kallon da zai yi maka. Babu wanda ya hana su, tsadar kaya ce ta kashe su: kuɗin da ba ya sayen ko ashana, wa zai yarda ya huda masa aljihu? Naira 5 da 10 na leda ma sun kama hanya.

Me ya karya darajar naira?

Ƙasar da dalarta kusan duk daga man fetur take zuwa, alhali magani da injuna da alkama sai an shigo da su, dole kuɗinta ya sha wuya. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya fara zubar da ita, sannan da aka sakar wa kasuwa farashin canji a Yunin 2023, ba a daɗe ba dala ɗaya ta haura naira dubu.

Sauya fasalin kuɗi na gyara wannan?

Ba ya gyarawa. An gwada a ƙarshen 2022 da manyan takardun nan uku, 200 da 500 da 1,000. Abin da ya biyo baya layi ne a bakin ATM, da sayen naira da naira a wurin masu POS, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin.