Tseren akori-kura: me ya raba na fili da na kan titi?

Da gaske ana tsere da akori-kura, motar da aka ƙera don ɗaukar kaya?

Ana yi, kuma kala-kala ne. A Amurka hukumar tseren motoci ta NASCAR ta buɗe gasar akori-kura a 1995. An yi tseren farko a Phoenix, Mike Skinner ya lashe shi, kuma shi ya ɗauki kambun wannan shekarar. Akwai kuma tseren hamada, irin Baja 1000 da ake yi a Meziko tun 1967, da gasar Dakar, wadda Nasser Al-Attiyah na Katar ya ci da Toyota Hilux a 2019 da 2022 da 2023. Mutanen Agadez sun san wannan gasa tun tana ratsa Tenere, kafin a mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, daga baya Saudiyya a 2020. Na uku shi ne tseren miƙe: motoci biyu su tashi daga tsaye su yi mita 402. Wannan na ukun shi matasa suka fi kwaikwaya a kan titi.

Motar da ake gani a gasa ita ce wadda ake sayarwa a kasuwa?

Kama ce kawai. Akori-kurar NASCAR, ko Silverado ce ko F-150 ko Tundra, in ka ɗaga bodinta, abin da za ka tarar keji ne na bututun ƙarfe da aka yi wa walda, direba yana zaune a cikinsa. An sauke ta kusa da ƙasa, ƙofa ba ta buɗewa, ta taga ake shiga, tagar kuma raga ce. Tankin mai yana da roba mai kauri da soso a ciki don kada ya fashe ya watsa fetur. Direba yana ɗaure da bel mai igiya biyar ko fiye, sanye da kayan da wuta ba ta saurin ci. An ƙera motar ne da sanin cewa wata rana za ta yi karo.

Me ke faruwa idan aka matsa wa akori-kura ta gida?

Abu na farko nauyi. In babu kaya a baya, mafi yawan nauyinta yana gaba, alhali tayoyin baya ne ke tura ta. Da an taka totur da ƙarfi, ko an shiga kwana a kan yashi ko ruwa, baya sai ya zame ya nemi wuce gaba. Direban da bai saba ba yakan saki totur nan take ya murɗa sitiyari fiye da kima, tayoyin su kama ƙasa farat ɗaya, motar ta wulla ɗaya ɓangaren. Ga ta da tsayi, don haka inda ƙaramar mota za ta zame ta tsaya, ita wuntsilawa take yi, musamman in taya ta taɓa bakin kwalbati ko ta faɗa ƙasa mai laushi.

Na biyu sifirin na baya, mai falle-falle. An yi shi don ɗaukar buhuna. Idan aka fizgi mota daga tsaye, sifirin yakan lanƙwashe ya saki, ya sake lanƙwashewa, tayoyin baya su riƙa tsalle. Wannan tsallen shi ke karya farfela ko haɗinta. Farfelar da ta tsinke daga gaba tana iya soke kwalta ta ɗaga bayan mota sama.

Na uku taya. A jikin kowace taya akwai harafin da ke nuna iyakar gudunta: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210. Tayoyin daji masu manyan haƙora galibi suna ƙasa a wannan jeri. Wannan lissafi kuma na sabuwar taya ne mai cikakkiyar iska. Wadda ta tsufa ko iskarta ta ragu tana ɗaukar zafi ta ɓare tun ba a kai can ba. Shi ya sa kamfanoni ke sa wa akori-kura da yawa na'urar taƙaita gudu, kuma masu cire ta ba su sauya taya ba kasada suke yi da rai.

Na huɗu birki. Sabon man birki mai lambar DOT 3 yana tafasa a digiri 205, mai lambar DOT 4 a 230, amma man yana shan danshi, idan ya daɗe sai ya tafasa a wajen 140 zuwa 155. Mota mai tan biyu, in aka tsayar da ita daga babban gudu sau uku ko huɗu a jere, man na iya tafasa, ka taka birki ya tafi har ƙasa ba ta tsaya ba.

Idan tsakar dare ne, titi ba kowa, direba kuma gwani ne, ina laifin?

Gwaninta ba ta rage nisan tsayawa yadda ake zato. A gudun kilomita 100, mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu ya kai ƙafa ga birki, a ce daƙiƙa ɗaya da rabi, ta yi mita 42, sannan birki ya ci wasu kamar 56 a busasshiyar kwalta: kusan mita 100 ke nan. A gudun 160, lissafin ya haura mita 200. Hasken fitila na ƙasa bai kai ko rabin wannan ba. Wato duk abin da ya bayyana a cikin hasken, mutum ne ko babur ko tirelar da ta lalace, an riga an makara.

Amma ko da lissafin ya fi haka sauƙi, tambayar da ta fi nauyi ita ce: wa ya yarda? A filin tsere direba ya sa hannu, abokin karawarsa ya sa hannu, ma'aikata sun san aikin da suka zo yi, ɗan kallo ya sayi tikiti ya zauna bayan shinge. Kowa waje ɗaya ya nufa, ba mararraba, ba mai tsallakawa. A kan titi, mai dawowa daga aikin dare da mai kai mara lafiya asibiti ba wanda ya tambaye su. Direban ya ɗauki daɗin gudu shi kaɗai, haɗarin kuma ya raba wa mutanen da ba su san ana yi ba. A ganinmu wannan zalunci ne tun kafin a buge kowa. Cewa titi ba kowa zato ne, domin ba wanda ya tsaya ya rufe shi.

A Fabrairun 2008, a Accokeek ta jihar Maryland, jama'a sun taru da dare a kan babbar hanya suna kallon tseren ɓoye, wata mota ta afka musu, mutum 8 suka mutu.

Ai a filin tsere ma ana mutuwa?

Ana mutuwa, kuma bai kamata a ɓoye ba. Direban NASCAR Dale Earnhardt ya rasu a filin tseren Daytona a 2001. Abin dubawa shi ne abin da ya biyo baya: a wannan shekarar NASCAR ta wajabta abin tare kai da wuya, irin na HANS, kuma daga 2002 aka fara sa katanga mai shanye ƙarfin karo. A tseren akori-kura na farko a Daytona, a 2000, motar Geoff Bodine ta tashi sama ta daki shinge ta tarwatse, kejin ya rage, Bodine ya tsira da karaya. Wasu 'yan kallo sun ji rauni daga ɓaraguzai. Da a titi ne, ba keji, ba shinge, ba motar asibiti a tsaye.

Izini shi kaɗai ma ba ya wanke gasa. A Agustan 2010, a tseren California 200 cikin hamadar Mojave, akori-kura ta ƙwace bayan tsalle ta faɗa kan 'yan kallon da ke tsaye dab da hanya ba shinge, mutum 8 suka rasu. Dakar kanta, lokacin tana ratsa ƙauyukan Afirka, ta kashe mutanen gari har da yara. Duk gasar da ta bar haɗarinta ya kai ga wanda bai zaɓa ba, laifinta ɗaya da na titi.

Yaya doka ke kallon abin?

Ƙasashe da dama sun ware shi daga gudun wuce ƙa'ida na yau da kullum. A lardin Ontario na Kanada, wanda aka kama yana tsere ana ƙwace lasisinsa na kwana 30 nan take, a tsare motar kwana 14, tara kuma daga dalar Kanada 2,000 zuwa 10,000 in kotu ta same shi da laifi. Wasan mota da wasu samari ke yi a wajenmu ranar kai amarya, cikin jama'a, wani lokaci da yara a bayan akori-kura, wannan matsalar ce dai.

Wanda ke son gwada motarsa, ta ina zai fara?

Don wannan buƙata Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951, domin a janye masu tsere daga titi zuwa fili. Filayen tseren miƙe da yawa suna ware dare don motocin gida. Kafin a bar ka ka shiga, ana duba taya, da notocin ƙafa ko sun cika, da batir ko a ɗaure yake, da ɗigar mai ko ruwa. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, motar da ke gama mita 402 cikin daƙiƙa 13.99 ko ƙasa sai da hular kwano, mai 11.49 sai da ƙarfen kariya a bayan kujera, mai 9.99 sai da cikakken keji.

A gyara, a fara da birki da taya kafin inji: sabon man birki, taya mai harafin da ya dace, shokozoba masu kyau, ƙarfen da ke hana sifirin lanƙwashewa, da zoben da ke riƙe farfela in ta tsinke. A kwashe duk wani kaya daga baya, kuma ba fasinja. Inda babu filin tsere, mafi ƙarancin abin da za a karɓa shi ne wuri rufaffe da izinin hukuma a rubuce, masu tsaro a kowace mashiga, motar asibiti da abin kashe gobara a kusa, 'yan kallo kuma a bayan layin tashi, ba a gefen hanya ko ƙarshenta ba.