Sími (kalmar harshen Iceland)

Sími ita ce kalmar da mutanen Iceland suke kiran waya da ita, ta tebur ce ko ta aljihu. Ba aro ba ce, tsohuwar kalmarsu ce da ta kusa mutuwa aka tono ta aka ba ta sabon aiki.

Asali

A tsohon harshen Norse, wanda harshen Iceland ya samo asali daga gare shi, akwai kalmar síma, ma'anarta zare ko igiya, kuma yawanci a tsofaffin waƙoƙi ake cin karo da ita, ba a hirar yau da kullum ba. Tana da 'yar'uwa a tsohon Turanci, sīma, ita ma igiya ce. Har mutanen Finland sun are ta tun da daɗewa, siima a wajensu shi ne zaren fatsa.

Wajen ƙarshen ƙarni na 19 ne, lokacin da ake ta maganar jawo wayar tangarahu zuwa tsibirin, masu kishin harshe suka ƙi yarda telefón da telegraf su zauna musu a baki, sai aka ɗauko síma aka ɗan gyara ta ta koma sími, aka ce ritsími wato zaren rubutu shi ne tangarahu, talsími zaren magana shi ne tarho. Bahaushe ma kusan haka ya yi, ya kalli igiyar ƙarfen da ke kan turaku ya ce waya, sai dai shi kalmar Turawa ya ara.

Shigowar wayar

Da rigima ta zo. A watan Agusta 1905 manoma suka hau dawakai suka shigo Reykjavík, babban birnin ƙasar, don nuna ba su yarda da yarjejeniyar jawo wayar tangarahu da ministan Iceland Hannes Hafstein ya ƙulla da wani kamfanin Denmark ba, da yawansu sun fi son na'urar Marconi mara waya.  A 1906 dai igiyar ƙarƙashin teku ta iso garin Seyðisfjörður da ke gabashin Iceland daga Scotland ta tsibiran Faroe, aka ja layi ta tudu har Reykjavík, aka kafa hukumar waya mai suna Landssími Íslands. Daga nan kalmar ta kama bakin kowa.

Amfani a yau

Wayar salula farsími ce, mai manhajoji kuma snjallsími. A titi za ka ji gemsi, daga GSM, kalmar da dama can tana nufin ɗan tunkiya.