Aikatau da 'Yar Rakiyarsa a Ingilishi: Tambayoyi da Amsoshi

Wai mene ne *phrasal verb*, kuma me ya sa yake rikita masu koyo?

Aikatau ne, wato kalmar aiki, da ya jawo wata 'yar gajeriyar kalma, irin su *up, off, out, on, in, over*, suka haɗu suka haifi ma'anar da ba lallai ka same ta a jikin ko ɗayansu ba. *Give* bayarwa ne, *up* kuma sama, amma *give up* saduda ne ko daina abu. Wanda ya tsaya fassara kalma-kalma zai ƙare da “bayar sama”, wadda ba ta nufin komai.

Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba. Muna cin amana, muna cin bashi, muna cin jarrabawa, muna cin mutunci, ba tare da an tauna ko ƙwayar gero ba. Yadda baƙo zai haddace “ci gaba” a dunƙule, haka za ka haddace *give up*.

To 'yar rakiyar ba ta da ma'anar kanta ke nan?

Tana da ita sau da yawa, kuma a nan Hausa za ta yi maka rana. Abin da mu muke yi da ƙarshen aikatau, Bature da 'yar rakiya yake yinsa. Dubi “ci” da “cinye”, “sha” da “shanye”, “saya” da “saye”. Wannan ma'ana ta ƙarasa abu ƙarƙaf, *up* ce ke ɗaukar ta: *eat up* cinyewa, *drink up* shanyewa, *buy up* sayewa. Haka “fita”, “fito” da “fitar da” suke zama *go out, come out, take out*.

*Out* tana kuma nuna ƙarewa ko mutuwar abu: *run out* kaya sun ƙare, *put out* kashe wuta mai ci. *Off* rabuwa ce ko yankewa, kamar *cut off*, da *call off* wato fasa taro. *On* kan nuna ɗorewa: *carry on, go on*. Sai dai wannan jagora ce kawai. Babu sama ko ƙarasawa a *look up a word*, duba kalma ne a ƙamus.

Me ya sa ake cewa *turn it off* amma ba a cewa *look him after*?

Nan ne gizo ke saƙa. A ido iri ɗaya ne, aikatau da 'yar kalma, amma gida biyu ne.

A gidan farko 'yar rakiyar ta aikatau ce, saboda haka tana iya matsawa. *Turn off the fan* daidai ne, *turn the fan off* ma daidai ne. Amma da zarar karɓau, abin da aikin ya faɗa wa kamar *the fan*, ya zama wakilin suna, wato *it, him, her, them, me, us*, dole ya shiga tsakiya: *turn it off, pick them up, wake me up*. *Turn off it* kuskure ne da kunnen Bature ba ya yafewa. Idan kuma karɓau ya yi tsawo, sai a bar shi a ƙarshe: *turn off the fan in the children's room*, don kada *off* ta yi nisa har mai sauraro ya manta da ita.

A gida na biyu 'yar kalmar *preposition* ce, wato ta sunan da ke binta ce, ba ta rabuwa da shi. *Look after the baby, look after him. Depend on her. Listen to me. Wait for us.* Ba a tsallakar da komai.

Ga misalin da ke fayyace abin. *He ran up a bill*, ya tara bashi. *He ran up a hill*, ya hau tudu a guje. Sa wakilin suna ka gani: na farko ya koma *ran it up*, na biyu *ran up it*. Kunne ma yana taimakawa. A gidan farko murya kan sauka da ƙarfi a kan 'yar rakiyar, *turn it OFF*. A na biyu aikatau ne ke ɗaukar nauyin, *LOOK at it*. Akwai kuma gwajin bayanau, wato kalmar da ke bayyana yadda aka yi aiki, kamar *carefully*: ana cewa *listen carefully to him*, amma ba a cewa *turn quickly off the fan*.

Masu kalma uku fa?

Su ne irin *put up with* jurewa, *run out of* abu ya ƙare wa mutum, *catch up with* cim ma wanda ya yi gaba, *look down on* raini. Galibinsu ba sa rabuwa: *I can't put up with it*. Tarkon yana wajen *look forward to*. *To* ɗin nan *preposition* ce, don haka aikatau da ya biyo ta sai ya ɗauki *-ing*: *I look forward to hearing from you*. Masu rufe takardar neman aiki da *to hear* suna da yawa, kuma layin ƙarshe ne, shi ke zama a ran mai karantawa.

Waɗanne kurakurai aka fi ji a wajenmu?

Kashi uku ne. Akwai cusa 'yar kalma inda ba a gayyace ta ba: *discuss about, emphasize on, comprise of, cope up with*. Daidai shi ne *discuss the matter, emphasize the point, comprise three parts, cope with*. Asalin rikicin shi ne sunan yana ɗaukar ta, aikatau ba ya ɗauka: *a discussion about*, *emphasis on*, *a request for money*, amma *request money*.

Akwai yar da ita inda ake buƙatarta: *reply me* maimakon *reply to me*, *pick the phone* maimakon *pick up the phone*. Wani lokaci aikatau ɗin ma ake yarwa, a ce *off the light*. A kasuwa kowa zai gane, amma mai duba takardar WAEC ko NECO jan biro zai sa.

Na uku Hausa ce ke leƙowa ta ƙarƙashi. “Da” ɗinmu guda tana aikin kalmomi da dama, sai mai koyo ya mayar da ita *with* ko'ina, ya ce *married with* inda ake son *married to*. *Married with three children* na nufin yana da aure da 'ya'ya uku. Haka *congratulate on*, *good at*, da *round off*, ba *round up* ba, idan kammala jawabi ake nufi, domin *round up* tattaro mutane ko dabbobi ne, ko cike lissafi zuwa sama.

Gaskiya ne ba a sa su a rubutun hukuma?

Rabin gaskiya ce. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmominsa da na Latin suka cika Ingilishi. Shi ya sa abu ɗaya kan sami suna biyu, na gida da na ofis: *put off* da *postpone*, *find out* da *discover*, *put up with* da *tolerate*. A takardar ofis na biyun ya fi dacewa, amma *carry out, set up* da *point out* suna shiga kowane rahoto ba tare da kunya ba. Wanda ya guje musu gaba ɗaya, hirarsa sai ta zama kamar karatun sanarwa.

A kula da rubutu: aikatau a rabe yake, shi kuma suna a haɗe yake. *The car broke down*, amma *a breakdown*.

Haɗi ɗaya yana iya ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya?

Ƙwarai. *Take off* tashin jirgi ne, tuɓe riga ne, bunƙasar kasuwanci ne. *Pass out* kammala horon soja ne a Ingilishin Birtaniya, daga nan masu yi wa ƙasa hidima suka sami *passing-out parade*. Amma a maganar yau da kullum suma ne. Ɗalibin da ya gaya wa Ba'amurke *I passed out last year*, yana nufin ya kammala karatu, zai iya jin an tambaye shi ya jiki. Ƙasa ma tana da tasiri: a Ingila an fi cewa *fill in a form*, a Amurka *fill out*.

Yaya ake koyonsu su zauna?

Kada ka haddace jerin *get* guda talatin a zama ɗaya, cakuɗewa za su yi. Ɗauki biyar a rana daga fage guda, misali waya: *pick up, hang up, call back, switch off, top up*. Rubuta kowanne da jimla biyu, ɗaya da suna, ɗaya da wakilin suna, ka faɗe su da ƙarfi: *call your brother back, call him back*. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo yana sa kibiya mai kai biyu tsakanin karɓau da 'yar rakiya idan haɗin mai rabuwa ne. In ka ga kibiyar, wakilin suna tsakiya zai shiga. In *somebody* ko *something* ya zo a ƙarshe ba kibiya, bar shi a ƙarshen.