Yadda 'yan damfara ke ƙwace WhatsApp ɗin mutane: tambayoyi da amsoshi

Wai da gaske wani zai iya shiga WhatsApp ɗina alhalin wayata tana hannuna?

Ƙwarai kuwa. WhatsApp bai san fuskarka ba, lambar wayarka kawai ya sani. Duk wanda ya sa lambarka a tashi wayar, za a turo lambobi 6 ta tes zuwa layinka, wanda ya shigar da lambobin nan shi ne kai a wajen manhajar, kai kuma nan take a koro ka waje.

To ta ina suke samun lambobin tunda layina ake turowa?

Da bakinka za ka karanto musu, wannan shi ne abin takaicin. Za a kira ka cikin ladabi, "Salamu alaikum Alhaji, daga guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ne, akwai mitin ta Zoom ƙarfe 8 na dare, an turo maka wata lamba yanzu, karanto min in sa sunanka." Ya san sunanka ya san sunan guruf ɗin har ma da na admin, saboda ya riga ya ƙwace na wani a cikinku yana zaune yana karanta hirarku, kai kuma kana kasuwa ko kana tuƙi hankalinka ya rabu, sai ka karanto kawai don ka rabu da shi. Wani kuma cewa zai yi tallafi ne ya fito. Saƙon kansa yana ɗauke da gargaɗin kar a ba kowa lambar, amma wa ke tsayawa karantawa? Zoom dai ba ruwansa da lambar WhatsApp, haka banki, haka kowace hukuma.

Za su ga tsofaffin saƙonnina da hotuna?

Galibi a'a, don hirarrakin a wayarka suke ajiye, kuma tun 2016 kamfanin ya kulle saƙonni yadda sai mai turawa da mai karɓa ke iya gani. Amma ba hotunanka suke nema ba dama. Sunanka suke so da yardar da mutane suka yi maka. Guruf-guruf ɗinka duk za su bayyana musu, sai su bi mutane ɗaya bayan ɗaya, "Yaya don Allah ranta min dubu 20, tiransifa ta maƙale min, gobe da safe zan mayar." Ƙanwarka ta ga hotonka ta ga lambarka, me zai sa ta yi musu? Ko da ta lura sunan da ke akawun ɗin bankin da aka ce ta tura kuɗin ba naka ba ne za a ce mata na mai POS ne. Ni a ganina duk wanda ya roƙe ka kuɗi a rubuce, ko babanka ne, buga masa waya ka ji muryarsa tukun.

An riga an ƙwace, yanzu yaya zan yi?

Ka sake rajista da lambarka, sabbin lambobi 6 za su zo layinka, kana shigarwa an fitar da ɓarawon. Matsalar ita ce in ya riga ka sa lambar sirri ta mataki na biyu, wato ƙarin lambar da WhatsApp ke tambaya bayan ta tes ɗin, to sai ka jira kwana 7 kafin ka iya shiga ba da ita ba. Kar ka zauna jira shiru, kira 'yan uwa, rubuta a Facebook, sa admin ya cire lambarka daga guruf. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya kira bankinsa a take, ya ajiye rasit, a kai ƙara wajen 'yan sanda, don a Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta yin sojan gona da sunan wani.

Riga-kafi fa?

Shiga saitin, wajen akawun, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka zaɓi lambar sirri wadda ba shekarar haihuwarka ba, ka haɗa da imel. Minti biyu ma ba za ka yi ba. Sannan in ka bar wayarka a shagon caji ko wajen mai gyara, duba wajen na'urorin da aka haɗa da akawun ɗinka, in ka ga wata kwamfutar da ba ka sani ba ka cire ta.

Na daina amfani da tsohon layina, akwai matsala?

Akwai. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana sake sayar wa wani, kuma tes ɗin lambobin nan wajen sabon mai shi zai je. Kafin ka yar da sim, ka mayar da WhatsApp ɗinka kan sabuwar lamba, ka je banki ma su canza wadda alat ke shigowa.