Mece ce tsutsar “fall armyworm” da ke cinye masara?

Sunan da malaman gona ke yawan ambata a rediyo da damina, “fall armyworm”, na wata tsutsa ce da asalinta nahiyar Amurka. An ce mata tsutsar soja saboda idan ta yi yawa takan tashi runduna guda daga gonar da ta cinye ta afka wa ta kusa. A ƙasar Amurka sanyin hunturu yana kashe ta, sai a kudancin jihohin Texas da Florida take tsira, daga can ta bazu arewa a ƙarshen bazara da kaka. Mu kuwa ba mu da sanyin da zai kashe ta. Masarar noman rani ma ta ishe ta ta riƙe rai har damina ta faɗi.

A farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a Najeriya da Benin da Togo da Sao Tome. A 2018 ta shiga Indiya, a 2019 Sin, a 2020 Ostareliya. Uwarta ƙwaro ne mai fukafukai da ke tashi da dare, yana iya cin kilomita 100 a dare ɗaya, kuma mace ɗaya kan zuba ƙwai fiye da 1,000 a rayuwarta, dami-dami a jikin ganye. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sabuwar uwa kimanin kwana 30 ne. Masara ta fi so, amma tana cin dawa da gero da shinkafa.

Gane ta ba wuya idan ta girma: a goshinta akwai zane mai siffar harafin Y a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kusurwa huɗu. Sai dai manomin da ya jira ya ga wannan ya makara. Ƙananan suna kankare bayan ganye ne kawai, su bar fata-fata mai haske da ba ta huje ba. A wannan matakin magani yake kama su. Da sun yi ƙwari sai su nutse cikin zuciyar masarar, inda sabon ganye yake naɗe, su toshe bakin da kashinsu mai kama da garin katako. Manyan ma cinye ƙananan suke yi, shi ya sa galibi ɗaya ko biyu za ka tarar a ciki. Feshin da aka watsa a saman ganye da rana tsaka ba ya kaiwa gare ta, kuɗi ne kawai ya tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ta maimaita feshi, wani lokaci ba safar hannu ba abin rufe hanci, har a haɗa magunguna biyu uku. Tsutsar tana sabawa da guba, gubar kuma tana kashe tururuwa da ƙananan zanzaro da ke cin ƙwanta da 'ya'yanta. Kuma masara tana iya farfaɗowa daga ɓarnar ganye idan ta samu ruwa da taki. Asarar gaske tana zuwa ne idan an cinye zuciyar tun tana ƙarama, ko tsutsar ta shiga goyo.

Don haka aikin na ƙafa ne. Tun masara na fitowa a riƙa zaga gona aƙalla sau ɗaya a mako, a tsaya wuri biyar, a duba tushe goma-goma, a murƙushe ƙwan da aka gani. Mai ƙaramar gona zai iya zuba toka ko yashi ko ruwan ganyen darbejiya a cikin zuciyar. In feshi ya zama dole, a yi shi da sassafe ko da yamma, a saita bakin famfon kai tsaye cikin zuciyar. Shuka da wuri, lokaci ɗaya da maƙwabta, na rage ɓarna, domin gonar da ta makara ita ke tarar da tsutsar duk yankin.